KASHIN KAJI DA SHIMFIƊAR AKURKI: LACCAR DA AKA YI WA MASU KIWO A KWARARAFA

Wani malamin dabbobi da ya daɗe yana aiki a Jihar Filato ya yi wa masu kiwon kaji na cikin gida lacca a unguwar Kwararafa da ke tsakiyar birnin Jos. Maza da mata sun hallara, har da 'yan kaji na kasuwa da waɗansu masu lambu. An kawo laccar a wannan shafi ne domin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, gama da yawa daga cikinsu suna ajiye kaji a bayan ɗakin haya, kuma abin da malamin ya faɗa ya ma fi shafarsu bisa ga mutanen Jos. Ga yadda ta kasance.

Bayan gaisuwa da godiya ga dattawan unguwa, malamin ya ce masu kaji kan zo wurinsa da tambaya uku, watau wane abinci, wace allura, wane magani. Amma da wuya a sami wanda zai yi tambaya a kan abin da kaza ke takawa dare da rana, alhali kuwa yawancin asarar da a ke yi daga ƙarƙashin ƙafar kaza ta ke fara tasowa. Ya ce ya sha ganin mutum ya sayi abincin kamfani mai tsada daga Bukuru, ya yi allurar rigakafi a kan kari, sa'an nan kaji su dinga faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. In an je an duba, sai a tarar suna kwana a kan caɓi.

Daga nan sai ya shiga lissafi. Kaza babba mai ƙwai tana yin kashi kamar giram 100 zuwa 120 kowace rana. Saboda haka wanda ke da kaji 20 yana da kashi fiye da kilo 2 kullum, a wata kuma fiye da kilo 60, watau ya ɗara buhun siminti nauyi. Kuma kashi uku cikin huɗu na wannan nauyi ruwa ne. Ya ce mai kaji 20 ya ɗauka cewa kowace safiya ana zuba masa ruwa kusan lita ɗaya da rabi a cikin akurki, ban da wanda kajin ke ɓararwa daga mazubi, ban da feshin ruwan sama. Aikin mai kiwo duka shi ne ya san inda ruwan nan zai tafi.

WARIN DA KE SA HAWAYE

Malamin ya daɗe a kan zancen wari, ya ce a nan ne mutane ba su gane ba. Kaza ba ta yin fitsari dabam kamar akuya ko tunkiya. Farin abin nan da a ke gani a saman kashinta shi ne fitsarin. Muddin ya bushe, ba shi da wata ɓarna. Amma da zarar ya sami danshi da ɗumi, sai waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su kama aiki a kansa, su mai da shi wata iska mai yaji da a ke kira amoniya. Ita ce ke sa mutum hawaye in ya shiga akurki da sassafe.

Masana kiwon kaji sun yi ittifaƙi cewa in iskar nan ta wuce kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗaki, ta fara yi wa kaza lahani. Tana ƙona 'yan gashin da ke cikin maƙogwaronta, waɗanda aikinsu shi ne tare ƙura da ƙwayoyin cuta, ta haka sai ƙofa ta buɗe wa mura da tari. Tana sa idon kaza ya kumbura, cin abinci ya ragu, ƙwai ya ja baya. Abin takaici kuma shi ne hancin mai kiwo ya kan saba da warin, har ya daina jinsa. Baƙo ne ke ji, da maƙwabci.

Ya ce ba a bukatar wata na'ura kafin a gane. Mai kaji ya shiga akurki da asuba kafin a buɗe, ya tsuguna har fuskarsa ta zo daidai tsawon kaza, ya daɗe kamar minti ɗaya. Daga ƙasa iskar ke tashi, don haka abin da mutum ke shaƙa a tsaye ba shi ne kaza ke shaƙa ba. In idonsa ya yi yaji, to kajinsa a cikin wannan yajin suka kwana.

Sai ya juyo kan Jos. Garin yana kan tudu mai tsawon kamar mita 1,200 daga teku, shi ya sa hunturunsa ya sha bamban da na sauran garuruwa. A watannin Disamba da Janairu masu kaji kan rufe akurki ruf da leda ko tamfol, waɗansu har su kunna gawayi saboda 'yan tsaki. Niyyar mai kyau ce, amma an toshe wa tururin numfashi da amoniya hanyar fita, da gari ya waye sai a ga raɓa na ɗiga daga kwano a kan shimfiɗa. Dabara ita ce a rufe ƙasa, inda iska mai sanyi ke bugun kaza, a bar sarari kamar taƙi ɗaya a can sama ƙarƙashin rufi ta kowane gefe. Kaza babba tana jure sanyin Jos sarai. Abin da ba ta jurewa shi ne danshi da rufaffen ɗaki. Da damina kuwa, musamman lokacin marka a Yuli da Agusta, ruwan da Jos ke samu a shekara ya kan kai milimita 1,300 ko fiye. Fatakwal tana samun sama da 2,000, Wari da Kalaba sun fi haka, ga kuma zafi da gumi da ke hana kome bushewa. Ɗan Kano ko Katsina da ya saba rana ta busar masa da kome kafin azahar, in ya kai wannan sabo Kurmi zai sha mamaki.

ABIN DA ZA A SHIMFIƊA

Ya ce mafi kyaun shimfiɗa ita ce tarkacen nan mai faɗi-faɗi da injin goge katako ke fitarwa, wanda mutanen Jos ke samu a Kasuwar Katako, mazauna Badun kuma a wajen masu katako na Bodija. Yana shan ruwa, yana kuma sakinsa in iska ta ratsa. Dusar katako mai laushi ba ta kai shi ba, tana tayar da ƙura, tana dunƙulewa, kuma 'yan tsaki kan ɗauka abinci ce su cika ciki da ita. Buntun shinkafa yana da kyau ƙwarai, ga araha, wanda ya taɓa zuwa Abakaliki ya ga tulinsa kamar duwatsu a bayan injinan casa. Ɓawon gyaɗa da dakakkiyar totuwar masara su ma suna yi. Sharaɗi ɗaya ne a kansu duka, su zama busassu ƙayau. Abin da ya taɓa jiƙewa ya yi fumfuna kada a kawo shi ko da kyauta ne, domin ƙurar fumfuna tana shiga huhun 'yan tsaki ta kashe su, kuma magani ba ya cika amfani a kanta. Haka nan a guji tarkacen katakon da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai.

A fara da kaurin inci 3 zuwa 4, watau kamar santimita 8 zuwa 10. Mutane da yawa kan barbaɗa 'yar kaɗan don tsimi, kwana uku ta zama laka. Shimfiɗa mai kauri ita ce mai araha, gama ta kan yi watanni. A riƙa juya ta da manjagara sau biyu ko uku a mako, a kwashe wurin da ya jiƙe ko ya daskare, a cike gurbin da sabuwa. In an watsa ɗan tsaki ko dawa a kai da yamma, kajin da kansu za su tone ta su juya. Kada kuma a cunkusa su, kaji 3 ko 4 sun isa a fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi.

Gwajin shimfiɗa da hannu a ke yi. A damƙi cikin tafi a matse, sa'an nan a buɗe. In ta ɗan haɗu kana ta wargaje, daidai ta ke. In ta tsaya curi kamar fura, ruwa ya yi yawa. In kuwa ta zube kamar rairayi tana ƙura, ta bushe fiye da kima, ita ma tana sa tari.

Wurare biyu ne ke fara lalacewa. Na farko gindin mazubin ruwa. A ɗaga shi a kan bulo ko a rataye shi daidai da bayan kaza, a riƙa sake masa wuri. Na biyu ƙarƙashin sandar da kaji ke hawa su kwana, domin wani babban kaso na kashin yini da dare a ke yinsa. In an sa faifan katako ko tsohon kwano a ƙarƙashin sandar, aka barbaɗa masa rairayi, aka kankare kowace safiya a zuba a bokiti mai murfi, aikin minti biyar ne, amma ya rage wa shimfiɗa nauyi mai yawa.

A kan toka malamin ya saɓa wa abin da aka gada, har aka yi 'yar hayaniya a wurin. Ya ce ya sani iyaye da kakanni toka su ke barbaɗawa a akurki, kuma ba su yi wauta ba, gama kajinsu biyar ne ko shida, suna yini a waje, akurkin kwana kawai a ke yi a ciki. Amma toka da farar ƙasa suna da kaifi irin na kanwa, in suka haɗu da ɗanyen kashi sai su hanzarta tashin amoniya. Watau wari ya ƙaru a kan kaji, ƙarfin takin kuma ya bi iska. Wurin toka shi ne a cikin wani kasko ko tsohuwar taya, a gauraya da rairayi a ajiye a inuwa, kaji su riƙa birgima a ciki suna kakkaɓe ƙuma da ƙwarƙwata. Farar ƙasa kuma a shafa ta a daɓe da bango bayan an kwashe kome an wanke, a bari ta bushe kafin a zuba sabuwar shimfiɗa.

Filin waje da aka kewaye da waya shi ma ya ce a duba shi. Ƙasar da kaji ke takawa shekara da shekaru ta kan ƙoshi da ƙwan tsutsar ciki. A ɗaga filin ya fi tsakar gida tudu, a yi masa gangare, a haƙa 'yar hanyar ruwa a kewaye, a rufe ko da rabinsa ne da kwano. Rairayi mai tsakuwa ya fi dacewa da wurin da ruwa ke taɓawa, don ba ya riƙe danshi, kuma ana iya tace kashin daga cikinsa da rariya. Sau ɗaya a shekara, da rani, a kankare saman ƙasar a zubo sabuwa.

CUTA TA BAYAN KAZA TA KE FITA

Ya ce cutar da ta fi bin jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ce wadda masu kiwo ke kira kashin jini. Ƙwayarta tana fita a cikin kashi, amma a lokacin ba ta iya kama wata kaza tukuna. Sai ta kwana ɗaya ko biyu a wuri mai danshi da ɗumi ta nuna, sa'an nan wadda ta tsattsage ta ta kamu. Busasshiyar shimfiɗa tana katse wannan zagaye. Ta fi kama 'yan kaji masu mako 3 zuwa 6, a gan su sun yi jugum, fukafukai a sake.

Sai cutar Niyukasil, wadda ta sami sunanta daga wani gari na Ingila inda aka gan ta a 1926, ita ce ke zuwa da hunturu ta share kajin unguwa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda ke can tun 1924, tana yin allurar rigakafinta, kuma lalle a yi. Amma ƙwayar cutar tana tafiya a cikin kashi, a tafin takalmi da ƙafar baro da buhun da aka aro.

Ya tuna wa jama'a murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, kuma ba ta daɗe ba ta iso Filato. A Janairun 2007 ta kashe wata mata a Ikko. Ta sake dawowa a 2015, masu kaji na Jos da kewaye suka yi asara mai yawa. Binciken masana ya nuna ƙwayarta na iya rayuwa a cikin kashin tsuntsu fiye da wata guda in akwai sanyi sosai, cikin zafi kuwa kamar mako guda. Saboda haka buhun takin da ya fito daga gidan da kaji suka mutu guba ne, ko da wata ya wuce. In kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a yanka a sayar, kada a kwashe shimfiɗar a kai lambu, a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa. A ajiye takalmi guda na shiga akurki kaɗai, da kwano mai ruwan Izal a bakin ƙofa. Ɗan kaji mai yawo gida gida ya tsaya a zaure, a kawo masa kazar.

A nan ya roƙi iyaye mata su saurara da kyau. Kashin kaza lafiyayya ma yana ɗauke da ƙwayoyin da ke sa ɗan Adam zawo da zazzaɓi. Yaro mai rarrafe kome ya samu baki ya ke kaiwa. Gidan da kaji ke yawo a inda a ke shanya tuwo, a ke wanke-wanke, yaro ke wasa, kada a yi mamaki in zawo ya ƙi ƙarewa a cikinsa, a yi ta cewa haƙori ne. A raba wurin kaji da wurin yara, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa akurki, mai shara kuma ya ɗaure hanci da ƙyalle ya ɗan yayyafa ruwa kafin ya kwashe busasshiyar shimfiɗa.

Game da maƙwabta bai yi sassauci ba. Ya ce a Kwararafa da Gangare da Dilimi gidaje manne su ke da juna, wanda ya tura kashin kajinsa cikin kwata ya tura shi ƙofar ɗan'uwansa ne. Mutanen Jos ba su manta da ambaliyar watan Yuli na 2012 ba, lokacin da ruwa ya taso daga wajen Lamingo ya ci gidaje a Rikkos da maƙwabtanta, aka rasa rayuka fiye da 30. Ruwa in ya cika, duk abin da aka zuba a magudana cikin ɗakunan mutane ya ke komawa. Wanda ke zaune a garin wasu kuma nauyinsa ya ninka. Ƙuda da wari sun isa su sa mai gida ya ba ɗan haya takardar tashi, ko a kira masa duba-gari, kuma in abin ya faru ba sunansa kaɗai za a kira ba, cewa za a yi Hausawa ne. Kwando ɗaya na ƙwai bai kai a rasa ɗaki a Agege ko Sabo ba.

ABIN DA MAI LAMBU KE NEMA

Daga nan fuskarsa ta saki, ya ce duk wannan abu da a ke gudu kuɗi ne. Masu noman rani a bakin kogin Dilimi da kududdufan da haƙar kuza ta bari, masu kabeji da karas da latas da a ke lodi a Farin Gada, da manoman dankalin Turawa na Bokkos da Mangu, duk sun san darajar kashin kaji, balle tun 2022 da takin zamani ya yi tsada bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Ya fi kashin shanu ƙarfi nesa. Amma kada a zuga shi fiye da kima. Sinadarin da ke sa ganye ya yi kore kashi 46 cikin 100 ne a takin yuriya, a busasshen kashin kaji kuwa kamar kashi 2 zuwa 3 ne. Fifikonsa shi ne yana gyara jikin ƙasa ta riƙe ruwa, abin da takin buhu ba ya yi.

Ɗanye ba a kai shi gindin shuka, yana ƙona saiwa, yana kuma ɗora cuta a kan ganyen da za a ci ba dafuwa. A tara shi tare da shimfiɗar a yi tsibi mai tsawon kamar mita ɗaya, nesa da rijiya, a yayyafa ruwa har ya yi danshi irin na matsattsen tsumma, a rufe da buhu ko leda. Cikin 'yan kwanaki cikinsa zai ɗau zafi har digiri 55 zuwa 60, zafin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsa da irin ciyawa. A soka ƙarfen rodi a tsakiya, in an zaro shi ya yi wuyar riƙewa, aiki na tafiya. A juya tsibin kowane mako ko kwana 10, na waje ya koma ciki. Bayan wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya yi ƙanshin ƙasar da ruwan fari ya taɓa. Wanda ba zai iya wannan ba, ya bi ƙa'idar da a ke bi a Amurka, watau a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa.

Da aka ba da damar tambaya, wata dattijuwa ta ce, Malam, ɗanta yana Ikko, ɗaki ɗaya gare shi da 'yar baranda, ina zai sami wurin tsibi? Malamin ya amsa da cewa, Hajiya, mai irin wannan wuri ya yi keji mai ƙafafu, ƙasansa waya, da faranti a ƙarƙashi wanda a ke zarowa. Ya zuba buntu ko rairayi a farantin, ya juye kullum a cikin buhu, ya ɗaure baki ya ajiye inda ruwa ba ya taɓawa. Masu lambun ganye da masu sayar da furanni a bakin titi za su karɓa. Kada kuma kajin su wuce biyar ko shida, in ya ga ba zai iya kwashewa kullum ba, gara ya sayar da su tun maƙwabta ba su yi magana ba.

Wani mai kiwon shanun turka kuma ya tambaya ko gaskiya ne ana ba shanu shimfiɗar kaji su ci. Malamin ya ce ana yi, a nan da waɗansu ƙasashe, amma shi ba ya ba da shawarar haka ga mai kiwon gida. In akwai mushen ɗan tsako ko ɓera da ya ruɓe a ciki, yana haifar da wata guba mai shanye jikin sa, ya kwanta ya kasa tashi, ga kuma ragowar magungunan da aka ba kajin. Da lokacin sallar la'asar ya gabato, sai aka tsai da tambayoyi a nan, wani dattijo ya yi addu'a aka tashi.